Majigin Marigayi

A titin da ke bayan tashar mota akwai wani dogon gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da shaguna uku a gaba. A ɗaki na bakwai akwai wani mutum da ake ce wa Mai Tasta. Sunan ya samo asali ne daga 'yar sukudireban nan mai ƙaramin ƙwai a gindi, wadda masu aikin lantarki ke dangwala wa waya su ga ko akwai wuta. Tasa kullum tana soke a aljihun gaba, inda sauran mutane ke soke biro, ko ta'aziyya zai je da ita yake zuwa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ofishin lantarki. Wannan gaskiya ne, kuma ba ya bari baƙo ya gama gaisuwa bai ji ba. Abin da ba ya faɗa shi ne masinja ne. Fayil yake ɗauka daga ƙasa ya kai bene, ya ɗauko wani daga bene ya sauko da shi, har gwiwoyinsa suka gaji aka sallame shi. In wani ya tuna masa, sai ya gyara zama ya ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk wutar garin nan ta hannuna ta bi, a rubuce."

Ya taɓa gyara dutsen gugar matarsa, tun daga ranar da gawayi take guga.

A ɗaki na takwas surukarsa take, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, wadda duk gidan ke kira Inna. Mijinta malamin tsafta ne a zamaninsa. Ƙauye-ƙauye yake bi da majigi, ya rataya farin zane a bango, ya haska wa mutane hotuna yana yi musu bayanin ƙuda da sauro da ruwan rijiya. Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwarsa. Bai bar gona ba, bai bar gida ba, sai majigin a cikin akwatinsa na fata, da wani gwangwani mai ɗauke da hotuna arba'in da ɗaya, kowanne bai fi akwatin ashana ba, a cikin ɗan firam na kwali. Arba'in na aiki ne. Na arba'in da ɗayan shi ne da kansa, wani abokin aikinsa ya ɗauke shi yana saurayi, a tsaye kusa da kekensa. Duk duniya ba shi da wani hoto sai wannan.

Da can Inna takan fito da shi da hantsi, ta ɗaga shi saitin taga, ta daɗe tana kallo. Daga baya ido ya fara ja baya. Ta matso da hoton, ta nisanta shi, ta juya shi, ba ta ganin komai sai ɗan duhu mai kusurwa huɗu. Likita kuma ya gaya wa 'yarta, matar Mai Tasta, a gefe cewa abin gaba zai yi ta yi. Ran wata Talata da safe Inna ta ce wa 'yar tata, "Da za a samu wanda zai tayar da na'urar nan, a haska mini babanku a bango, ƙato, in gan shi sau ɗaya kafin idon ya rufe, da na gode Allah."

'Yar ta ce, "Bari in kai wa Mai Rediyo ya duba, ga shagonsa a ƙofar gida."

Tsautsayi ya sa Mai Tasta yana tsakar gida yana wanke baki. Ya furzar da ruwa ya leƙo. "A kai wa wa? Ina raye? Mutumin da ko takardar ofis bai taɓa riƙewa ba? Inna, ki kwantar da hankalinki. Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma za ki ga Baba, har gashin girarsa sai kin ƙirga."

Matarsa ta ce, "Malam, don Allah."

"Don Allah me? Ke dai ki nemo farin zanin gado."

Kafin azahar ya bi ɗaki goma sha biyu da shaguna uku ya gayyaci kowa. Ya gaya wa Tela, ya gaya wa Mai Aski, har Mai Rediyo ya gaya wa, ya ce ya zo ya ga yadda ake aiki, ko ya ƙaru. Mai Rediyo siririn mutum ne marar yawan magana, da tabarau a kan karan hanci. Ya ɗago kai daga abin da yake liƙewa ya ce, "Yallaɓai masinja, tsohon kaya ne fa. Ka kawo in leƙa maka, ba sai ka ba ni komai ba."

"In kura na maganin zawo ta yi wa kanta," in ji Mai Tasta. "Rediyon da ke shagonka nawa ne ke magana?"

Bai taɓa majigin ba sai ranar Asabar ɗin da safe, don a cewarsa aikin minti goma ne. Ƙarfe tara ya shimfiɗa jarida a kan teburin falo, ya ɗora na'urar, ya jera sukudireba biyu da filaya da wuƙar kicin. Kafin ma ya jona ta da wuta sai ya kwance murfin sama ya ajiye gefe.

Matarsa ta ce, "Ba za ka fara kunnawa ka gani ba?"

"Likitan ƙwarai sai ya duba ciki yake ba da magani."

Ya jona waya, ya danna makunni. Shiru. Ya kashe, ya sake dannawa. Ko ƙyas. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya ga abin da yake zato, ya zare ƙwan da ke ciki, ɗan mitsitsi kamar ɗan yatsa, ya kai kunne ya girgiza.

"Ya mutu."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Ba ya motsi. Saurara ki ji." Ya girgiza mata a kunne. "Kin ji wani abu? To mai rai ba ya yin shiru haka."

Ya wurga shi kwandon shara, ya faɗa kan murfin kwalba ya tarwatse.

A aljihun akwatin akwai wasu ƙwai biyu, kowanne a naɗe da takarda mai laushi, an ɗaure su da zare. A jikin takardar akwai rubutun Marigayi, tsaf-tsaf kamar na ɗab'i: Kada a taɓa da hannu. Mai Tasta ya karanta ya yi murmushi. "Allah ya jiƙan Baba. Yara yake nufi." Ya warware ɗaya, ya murza shi tsakanin yatsu, ya hura masa iska, ya cusa shi a mazauninsa. Ya danna makunni. Shiru.

Ya kankare ƙafafun ƙwan da wuƙa. Shiru. Ya dangwala tasta nan, ya dangwala can, ya ɗaga na'urar ya jijjiga, wata busasshiyar kyankyaso ta faɗo. Ya buga mata tafi biyu a gefe kamar mai tashin jaki. Ƙarfe sha ɗaya ta yi, zufa ta fara ɗiga a kan jarida. Daga ɗaki na takwas Inna ta ɗaga murya, "Ya taso?"

"Yana hanya, Inna!"

Sai dabara ta zo masa. Ai ba a yanke wa ƙwai hukunci sai an ji ta bakinsa shi kaɗai. Ya yanko waya daga tsohon dutsen gugar nan, ya fere bakinta, ya naɗa a ƙafafun ƙwan, ya durƙusa gaban soket ɗin bango.

Matarsa ta ja da baya har bakin ƙofa. "Malam, ni dai jikina bai ba ni ba."

"Jikinki ya yi aiki a ofishin lantarki?"

Ya cusa wayoyin. Wani haske fari fat ya cika falon, aka ji fau! Ɓaraguzan gilashi suka watsu har cikin kofin shayinsa. Fankar sama ta yi juyi biyu ta tsaya. Rediyon ɗaki na uku ya katse a tsakiyar labarai. Daga ƙofar gida aka ji keken Tela ya yi gurnani ya mutu, sai gidan duka ya yi tsit, na ɗan lokaci kaɗan.

Mai Aski ne ya fara shigowa, da injin aski a hannu, wayar tana jan ƙasa. A bayansa ga wani ƙaton mutum da zanen aski ɗaure a wuya, rabin kansa tal, rabin kuma gashi cunkus.

"Wane ne? Wa ya kashe mu?"

Mai Tasta ya miƙe yana karkaɗe gira, wadda ta ɗan babbake. "Daga can ne. Na san su, ranar Asabar sukan rage kaya a layi."

"Daga can ne gidan maƙwabta ke da wuta? Daga can ne falonka ke warin ƙauri?"

Ƙaton ya ce, "Ni ƙarfe sha biyu zan ga manajan da zai ɗauke ni aiki. Haka zan je masa? Ya ɗauki rabi ya bar rabi?"

"Sa hula," in ji Mai Tasta.

Da ba don Tela ya shigo ya shiga tsakani ba, da maganar ta wuce baki. Shi ma Tela ba da alheri ya zo ba, riga ce a ƙarƙashin allura, mai ita na zaune a shago. Mata suka firfito daga ɗakuna, mai cewa ruwanta bai yi sanyi ba, mai cewa wayarta ko rabi ba ta cika ba. Ana cikin haka Mai Rediyo ya wuce su duka, ya ɗauki tsani ya hau inda babban fis ɗin gidan yake, ya sauya siririyar wayar da ta ƙone. Fanka ta motsa, mai labarai ya dawo, Mai Aski ya ja ƙatonsa suka fita yana waiwaye.

Mai Rediyo ya leƙo falon, ya tsinci gindin ƙwan a ƙasa, ya gyara tabarau ya karanta. "Ashirin da huɗu. Wutar da yake ci ke nan. Ta bango ɗari biyu ce da ɗoriya. A cikin na'urar akwai abin da ke rage masa ita. Ka ɗauki jariri ka ɗura masa tulu guda."

"Gwaji ne. Yanzu na tabbatar lafiyarsa lau."

"A da, dai. Saura nawa?"

Matar ta ce, "Ɗaya."

"To wannan ba a sayar da irinsa yanzu, ko a babban birni. Kuma kada a riƙe shi da yatsu, maiƙon hannu na fasa shi in ya yi zafi. Bari in sa muku."

Mai Tasta ya tare teburin da jikinsa. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koma wa rediyoyinka."

Mai Rediyo ya dubi matar, ya dubi bangon da ya raba su da ɗakin Inna, ya girgiza kai ya fita. Duk da haka, da Mai Tasta ya zo sa ƙwai na ƙarshe, sai da ya faki idon matarsa ya riƙe shi da hankici. Ya danna makunni. Shiru.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Ya zauna ya zuba wa na'urar ido, ita ma ta zuba masa nata guda ɗaya. A ransa ya fara shirya jawabin da zai yi wa jama'a kan yadda kayan da suke zuwa da lalacewa tun daga masana'anta. Matarsa ta shigo da tsintsiya tana share ɓaraguzai, ta ga ƙura na tashi, ta ɗauki murfin ta kifa a kan majigin don kada ta shiga ciki. Ta danna shi ya zauna, ƙwas.

Nan take fankar cikin na'urar ta ɗauka da ƙara, haske ya fito ta gaba ya sauka a ƙirjin Mai Tasta.

Suka dubi juna. Matar ta ɗaga murfin, komai ya mutu. Ta mayar, ya kama. Ta sunkuya ta leƙa, ta ga wani ɗan harshe na ƙarfe a bakin murfin, wanda ke danna wani maɓalli in an rufe.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe sai an rufe take kamawa. Wato tun safe lafiyarta lau? Ƙwai biyun nan a banza suka tafi?"

"Ke me kika sani? Wutar ce ta daɗe ba ta bi hanyar ba, shekara ashirin da biyu. Ni na share mata hanya, ke kika zo kika tarar ta iso." Ya juya ya ƙwala wa bango kira. "Inna! Ya taso!"

Da a nan ya tsaya, da labarin ya ƙare lafiya, kowa ya ci gaba da harkarsa. Amma da matar ta tafi wankin zanin gado, sai ya haska bango ya ga hasken ja-ja ne, bai kai yadda yake so ba. Ga kuma fankar tana wani kar-kar-kar kamar ana jan gwangwani a kan tsakuwa. Ya sake buɗewa. Tsakanin ƙwai da inda ake sa hoto ya ga gilasai jere, ɗaya daga ciki mai kauri ne, launinsa kore-kore. Ya zaro shi ya ɗaga a rana.

"Ga ɓarawon," ya ce wa kansa. "Yanar ido ce. Har na'urar ma ta kamu."

Ya jefa shi aljihu. Ya leƙa fankar, ya ga zanzaro ya taɓa gina gida a jikin fiffikenta. Cire gidan aikin tsinke ne, amma shi ya rubuta jawabi shafi biyu da ba ya so ƙarar fanka ta danne, Inna kuma kunnenta ba shi da ƙarfi. Ya zare wa fankar waya ɗaya. Ya rufe, ya kunna: haske ya ƙaru, shiru kamar masallaci. Ya kashe da sauri don kada ya ɓata ƙwai, ya je ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis.

Ƙarfe huɗu falon ya cika. An rufe tagogi biyu da barguna, an toshe ƙasan ƙofa da buhu, an kafe zanin gado a bango da ƙusa huɗu. Mutum ya kai talatin a ɗakin da goma ke cika shi, zafi kamar gidan burodi. Tela ya zo da kujerarsa. Mai Aski ya zo, ya ce shi don Inna ya zo, kada wani ya ɗauka ya huce. Mai Rediyo ya tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙirji. Aka zaunar da Inna a gaba, ta sa mayafinta mai kyau wanda ke ƙasan akwati, ta ɗora hannuwa a cinya.

Mai Tasta ya yi gyaran murya ya ce za a bi hotunan a jere kamar yadda Marigayi ya jera su, na Baba shi ne na ƙarshe, don babba ba ya riga fitowa. Ya zura na farko a ɗan ƙarfen da ke riƙe hoto, ya tura. Wani ƙuda ya bayyana a bango, girmansa ya kai ɗan maraƙi, da gashi a ƙafafu. Mata suka yi salati. Ƙafafunsa na sama, bayansa na ƙasa, amma ba wanda ya damu, ƙuda ko a rufin ɗaki haka yake tafiya.

Na biyu mace ce a bakin rijiya. Rijiyar na sama, matar na reto a ƙasa da kai, guga na hawa.

Tela ya ce, "Ikon Allah. Ruwan bai zube ba?"

"A wancan zamanin haka mata ke ɗiban ruwa," in ji Mai Aski. "Tambayi injiniya."

Dariya ta ɓarke. Mai Rediyo ya ce daga baya, "Juya hoton ake yi. Kai ƙasa ake sa shi, gilashin gaba ne ke miƙar da shi."

Mai Tasta ya ji maganar ta shige shi, ya kuma san gaskiya ce, amma a gaban mutum talatin. Ya dafa ƙirji. "In sa wa da kai ƙasa? Ƙuda na yarda, matar rijiya ma na yarda. To in an zo kan Baba fa? Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ko tsayuwa a gabansa ban taɓa yi da takalmi ba, yau in kama shi in dasa kansa a ƙasa, ƙafafu a sama, a gaban iyalinsa? Ba da hannuna ba. Wanda bai san girman suruki ba ya je ya yi wa nasa."

Wasu tsofaffin mata suka ce, "Wannan gaskiya ne." Ganin ya samu magoya baya, sai ya naɗe hannun riga, ya ninka bargo a kan tebur, ya ɗaga majigin kacokan ya kifa shi, ƙafafunsa huɗu suna kallon sama. Matar rijiya ta miƙe tsaye a bango. Aka yi tafi.

Mai Rediyo ya ce, "To yanzu da ka kifa na'urar, hoton da ke cikinta ina kansa yake kallo?"

Mai Tasta ya ce, "Wannan tsakaninsa da na'ura ne. Ni dai a tsaye na sa shi."

"Ka kuma toshe ramukan shan iskarta da bargo. Tsaya ma. Ina ƙarar fanka?"

"Na sallame ta. Surutu ya yi mata yawa, kamar wasu."

"Akwai wani koren gilashi a ciki, mai tare zafi. Yana nan?"

Mai Tasta ya dafa aljihu. Mai Rediyo ya fara kutsawa cikin mutane. "Kashe ta. Wallahi kashe ta, a mayar da komai, minti goma ne."

Nan fa falon ya rabu biyu, masu cewa a kashe da masu cewa zafi zai kashe su kafin minti goma. Mai Tasta ya hau tura hotuna da sauri don ya nuna ba abin da ya faru: sauro, masai, tsutsar ciki doguwa kamar igiyar shanya, yaro mai ƙaton ciki, wani masai kuma. Kowanne ya fito da ɗumi kamar an ɗauko shi daga kasko, yana jefa su gwangwani yana hura yatsu a ɓoye. Wata mata ta ce tana jin warin roba. Ya ce takalmin wani ne.

Sai Inna ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi shiru.

"Ni ban zo ganin tsutsa ba, na gan su shekara talatin. Ku bar musun nan. Ku nuna mini shi."

Mai Rediyo, wanda cinkoso ya tsayar a tsakiyar ɗaki, ya ce, "To ka ƙirga biyar ka cire. Biyar kawai, don girman Allah."

Mai Tasta ya ɗauko na arba'in da ɗaya da hannu biyu, ya durƙusa, ya zura shi, ya tura.

Ga shi nan. Saurayi dogo, da gajeren wando da doguwar safa, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da hula, yana ƙanƙance ido saboda rana. Ya cika zanin gadon daga sama har ƙasa. 'Yarsa ta toshe baki da mayafi. Inna ta miƙe ba wanda ya taimaka mata, ta taka har gaban bango, ta tsaya a gefe don kada inuwarta ta rufe shi. Ta ɗaga kai tana bin sa da kallo daga takalmi zuwa goshi.

"Kai ne," ta ce. "Dubi wuya kamar na zalɓe. Wa ya ce ka cire hular?"

Mai Tasta ya ga ɗakin ya nutsu, ya ga hawaye a fuskoki, ya san lokacinsa ya yi. Ya zaro takardunsa. "Jama'a, assalamu alaikum. Kamar yadda kuka sani, ni da Marigayi ma'aikatan hukuma ne, shi a ɓangaren tsafta, ni a ɓangaren wuta."

"Biyar ta yi," in ji Mai Rediyo.

"A shekara talatin da ɗaya da na yi ina hidima…"

"Goma! Cire shi!"

"…ban taɓa sa hannu a aiki ya gagare ni ba. Wannan na'ura da kuke gani, masana sun fitar da rai da ita."

Tela ya ce, "Kai, Baba na murmushi."

Da gaske bakin saurayin ya motsa. Ya faɗaɗa, ya karkace, kumatu suka kumbura. Wani ɗigo mai ruwan ƙasa ya fito a kan ƙirjinsa, ya buɗe kamar fure, ya ci rigar, ya ci keken, ya hau wuya. Mata suka sa ihu, wata ta yi waje da bargon taga a ka. Matar Mai Tasta ta daka tsalle ta fizge waya daga bango, amma kafin hasken ya mutu ba abin da ya rage a zanin sai farin fili mai baƙin baki. Hayaƙi siriri ya taso daga ƙarƙashin majigin, bargon tebur ya fara ci. Mai Aski ya juye masa butar shayi, aka ji tas, ƙwai na uku ya bi 'yan'uwansa.

Rana ta shigo ta tagar da bargonta ya tafi. Kowa ya ga kowa, jiƙe da zufa. Mai Tasta na tsaye da shafi na ɗaya a hannu, shayi na ɗiga daga tebur a kan takalminsa. Ba wanda ya yi dariya, har Mai Aski. Duk ido ya koma kan Inna, wadda har yanzu tana fuskantar zanin gado.

'Yarta ta dafa ta. "Inna."

"Na gan shi," in ji tsohuwar. "Tsaf na gan shi. Har tabon da ke haɓarsa, wanda na manta da shi." Ta juyo a hankali tana laluben inda surukinta yake. "Shekara ashirin da biyu ina roƙon Allah ya tsare bawan nan daga wuta. Ashe kai ya kamata in roƙa."

Tela ne ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari bai iya ba, sai ɗakin ya kece gaba ɗaya, har da masu hawaye. Mai Rediyo ya zaro firam ɗin da filaya, ya hura shi ya huce, ya sa wa Inna a tafin hannu. Kwalin ne kawai ya saura, da rami a tsakiya. Ta shafa gefensa da babban yatsa.

Mai Tasta ya matso, ya durƙusa, ya leƙa hannunta ta wannan gefe, ya leƙa ta wancan. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ba ta mutu ba.

"Inna, gefen bai ƙone ba fa. In kika ba ni shi zuwa Asabar mai zuwa, da 'yar dabara kaɗan zan iya…"

"A'a!" in ji mutum talatin da baki ɗaya.

Inna ta ƙulle firam ɗin a bakin mayafinta, ƙulli biyu, ta miƙa wa 'yarta hannu a kai ta ɗaki.

"Bar shi haka, ɗan nan," ta ce. "Ya ga aikinka, ya tafi."